In Wanda Ya Yi Aike Ya Faɗi, Wa Za A Yi Wa Lissafi?

Sanannen abu ne cewa duk wanda aka aika kasuwa da kuɗi, in ya komo sai ya ajiye kaya, ya mayar da canji, ya faɗi yadda ya kashe kowane kwabo. Yaro ma ya san wannan. Inda magana take da wuya shi ne a ce ɗan aike yana tsakiyar ciniki sai labari ya iske shi cewa wanda ya aike shi ya rasu, magada sun zare wa juna takubba, kowannensu yana cewa shi ne mai gida. To, wa ɗan aike zai kai wa kaya, wa kuma zai yi wa lissafi? Ko kuwa amana ta sauka daga wuyansa ke nan, tun da babu mai tambayarsa? Wannan tambaya ta taɓa faɗa wa waɗansu ma'aikatan ƙasar Rasha, kuma abin da ya gudana ya isa mai hankali ya tsaya ya duba.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ba a daɗe ba ta bayyana cewa masana'antun Rasha ba za su iya ƙera makaman da sojojinta suke bukata ba. A 1915 har ta kai ana tura waɗansu sojoji fagen fama hannu banza, suna jiran ɗan'uwansu ya faɗi su ɗauki bindigarsa. Saboda haka gwamnatin Sarki Nikolas na Biyu ta kafa kwamitocin sayayya a Landan da New York. A Amurka aka ba kamfanin Remington kwangilar bindigogi miliyan 1.5, aka ba Westinghouse ta miliyan 1.8, aka kuma yi odar kawunan jirgin ƙasa daga Baldwin da waɗansu kamfanoni. Yawancin wannan ciniki da kuɗin bashi aka yi shi, watau talakan Rasha da 'ya'yansa ne za su biya.

Dukiya mai yawa haka ba a sakinta babu mai duba. Tun 1811 Rasha take da ofishin binciken kuɗin gwamnati, wanda a bisa ƙa'ida lissafin duk mai kashe kuɗin baitulmali yake komawa gare shi. Bugu da ƙari, an zaunar da sufetocin Rasha a cikin masana'antun Amurka suna gwada bindiga ɗaya bayan ɗaya, suna mayar da wadda ba ta cika ƙa'ida ba, har masu kamfanonin suka riƙa kukan tsananinsu. Ashe tsaro biyu ke nan, na kaya da na takarda, kuma dukansu sun dogara da cewa akwai gwamnati a Petrograd mai karɓar rahoto, mai hukunta maci amana.

A watan Maris 1917 sarki ya yi murabus, gwamnatin riƙon ƙwarya ta hau. Ta aika Boris Bakhmeteff, wani injiniya da ya taɓa aikin sayayyar nan a Amurka, ya zama jakadanta a Washington, Amurka kuwa ta ranta mata dala miliyan 187.7. Ran 7 ga Nuwamba 'yan Bolshebik suka hamɓarar da ita. Trotsky ya sallami jakadun da suka ƙi yi musu mubaya'a, a Fabrairu 1918 kuma sabuwar gwamnatin ta ce ba ta san da wani bashin ƙasashen waje ba. A lokacin akwai kimanin dala miliyan 56 a ajiye da sunan Rasha a bankin National City na New York, ga kwangiloli na sama da dala miliyan 100 da ba a gama ba. Wanda ya yi aike ya faɗi, kuɗi da kaya suna hannun ɗan aike. Hausawa suna cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Nan da nan masu da'awa suka fito. 'Yan Bolshebik suka ce ƙasa tana hannunsu, don haka dukiya tasu ce, har wakilinsu a New York, Ludwig Martens, ya nemi a miƙa masa ita a 1919. Shugabannin Farar Runduna, masu yaƙi da su, suka ce su ne Rasha ta gaskiya. Amurka ta ce ai kuɗin nata ne ta ranta. Masu kamfanoni kuwa suka ce sun sayi ƙarfe, sun ɗauki ma'aikata, a biya su. Kowane ɗaya yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba, kuma babu alƙali guda da dukansu suka yarda da shi.

Bakhmeteff ya ƙi miƙa wa 'yan Bolshebik, ya kuma yarda kuɗin su zauna a ƙarƙashin idon Baitulmalin Amurka, ba a fitar da kome sai da amincewarta. Aka bi kwangiloli ana sokewa, ana rage wasu, ana biyan abin da ya wajaba, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Gwamnatin Amurka ta saye bindigogin da suka rage, kawunan jirgi kimanin 200 kuma aka ba kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka. Dalilin wannan mataki shi ne cewa wakili ba bawan sarki ko na firayim minista ba ne, ma'ajin al'umma ne, al'umma kuwa ba ta sauka daga mulki.

Wata kotu ta ƙarfafa wannan ra'ayi. Ran 30 ga Yuli 1916 'yan maƙarƙashiyar Jamus suka tayar da gobara a ma'ajiyar Black Tom, kusa da New York, makaman da Rasha ta saya suka tarwatse. Rasha ta kai ƙarar kamfanin jirgin ƙasa na Lehigh Valley. Kamfanin ya kafa hujja da cewa gwamnatin da ta kawo ƙara ta shuɗe, amma a 1927 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa gwamnati tana sauyawa, ƙasa kuwa tana nan, haƙƙinta bai mutu ba. In haƙƙin ƙasa bai mutu da faɗuwar mai mulki ba, to, lissafin da ake binta da wanda za a yi mata su ma ba su mutu ba.

Amma fa akwai inda gizo yake saƙa. A 1919 aka aika bindigogi da waɗansu kayan yaƙi daga cikin wannan dukiya zuwa Siberiya, ga Admiral Kolchak, shugaban Farar Runduna a Omsk. Kolchak ya sha kashi, aka harbe shi a Irkutsk a Fabrairu 1920. Bindigar da aka ci bashi aka saya don manomin Rasha ya kare ƙasarsa daga Jamus, ita ce aka harbi wani manomin Rasha da ita. Ana iya samun rasidin kowane akwati, adadi ya dace da adadi, amma rasidi ba ya faɗin ko wakili yana da ikon zaɓar ɓangare a yaƙin basasa da dukiyar jama'a duka. Masu goyon bayansa sun ce miƙa ta ga waɗanda suka ƙwaci mulki da ƙarfi shi ne cin amana. Masu sukarsa sun ce ya lulluɓe ra'ayinsa na siyasa da rigar amana. Mai binciken kuɗi yana iya tabbatar da cewa ba a yi sata ba, amma tabbatar da cewa an yi daidai ya fi ƙarfin alƙalaminsa.

Duk da haka kada wannan ya sa a raina littafin lissafi. A Mayu 1922 Sanata William Borah ya miƙe a majalisar dattijan Amurka yana tambayar inda bashin nan na dala miliyan 187 ya shiga. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma a nan akwai takardun da za a fito da su, kuma Baitulmali ta ba da bayani da adadi. Wanda bai gamsu ba ya sami abin da zai kama ya yi jayayya a kai. Da ba a rubuta ba, da zargi da rantsuwa ne kaɗai za su rage. Rubutaccen lissafi shi ne hanyar da wakili yake miƙa kansa ga hukuncin mutanen da bai taɓa gani ba, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Bakhmeteff ya ajiye muƙaminsa a ƙarshen Yuni 1922. Jami'in kuɗi na ofishin, Serge Ughet, ya ci gaba da tsaron abin da ya rage har Nuwamba 1933, lokacin da Amurka ta amince da Tarayyar Sobiyat, aka sallama wa gwamnatin Amurka waɗannan haƙƙoƙi. A Ingila sai a 1986 aka warware batun kuɗin gwamnatin sarki da suka yi shekara kusan 70 a bankin Barings, aka raba su ga masu bin bashi. A 1996 Rasha ta yarda ta biya Faransa dala miliyan 400. Sarkin da ya yi aike, da jakadan da aka aika, da sojan da ya jira bindiga, duk sun daɗe a ƙarƙashin ƙasa, amma aka buɗe littattafansu aka karanta. Mai riƙe da dukiyar jama'a, ko ma'aji ne, ko akawu, ko mai ba da kwangila, ya kamata ya rubuta lissafinsa yadda zai iya tsayawa a gaban wanda ya naɗa shi da wanda zai kayar da wanda ya naɗa shi, sa'an nan ya tambayi zuciyarsa abin da littafin ba ya iya tambayarsa.