WANDA BA YA IYA KAI KUKA, WA ZAI TSAYA MASA?

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, ina makomar mai ɗakin da ruwa ke zubo masa, amma ba shi da bakin faɗa? Halin da tsofaffinmu masu gigin tsufa ke ciki ke nan. Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne mai cinye tunani sannu a hankali, har uwa ta manta sunan ɗan da ta goya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu.

A Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi, gidan kula da tsofaffi baƙon abu ne, domin a da gidan gandu ne ke riƙe tsoho. Yau aiki ya kwashe 'ya'ya zuwa Kaduna, Jos da Abuja. Wasu sukan ɗauki yarinya su biya ta, wasu su kai tsoho gidan addu'a, masu hali kuma su nemi gidan kula na kuɗi a birni. A kowane hali ciniki ya shiga: wani na biya, wani na karɓa.

Gwamnati ba ta yi shiru ba. A 2018 aka ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majiyyata, wadda ta ba mara lafiya ikon sanin abin da ake yi masa da abin da yake biya, da ikon a mutunta shi, da ikon kai ƙara. A 2019 aka sa hannu kan dokar da ta kafa FCCPC, hukumar kare masu saye. Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa ta soma aiki a 2021, sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa kuma ta maye gurbin ta 1958 a 2023.

Sai dai kariyar mai saye ta dogara ne bisa abu guda: wanda aka cuta ya yi magana. Wanda aka sayar wa jabun taki zai koma kasuwa da buhunsa. Tsohuwar da aka hana abincin rana kuwa, kafin magariba ta manta. Idan ta tuna ta faɗa, sai a ce ai gigi ne. Mai biya ba ya gani, mai gani kuma ba a gaskata shi. A irin wannan duhu ne zalunci ke girma. Ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da kimanin mutum 300 daga wani gidan horo a Rigasa, wasunsu da mari a ƙafa, alhali iyalai ne suka kai su da hannunsu. A shekarar ce ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana cewa ana ɗaure masu taɓin hankali har a wuraren addu'a na Kirista.

Saboda haka, ƙaunatattu, kai tsoho wurin kula ba zunubi ba ne. Ɗiyar da ta shekara biyar ba barci tana bukatar mataimaki, kada kowa ya zarge ta. Laifin shi ne a ɗauka cewa aika kuɗi ya sauke nauyi. Ana iya sayen wanka da shara, amma umarnin girmama iyaye ba a ba da shi kwangila.

Kafin ku miƙa tsohonku, ku fara kai shi asibiti, domin wani ruɗewar daga ciwon da ke jin magani yake. Ku nemi ganin rajistar gidan, ku tambayi yawan masu kwana da tsofaffi, a kuma rubuta yarjejeniyar kuɗi. Bayan haka ku riƙa zuwa ba sanarwa, gama gani ya kori ji. Ku duba bayansa ko da gyambon kwanciya, ku lura ko maganin barci ake ɗura masa don ya yi shiru.

Dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata su rubuta sunayen irin waɗannan tsofaffi, su raba ranakun ziyara, su kuma tsawata wa duk mai kiran tsohuwa mayya don tana sambatu da dare. Hukuma tana jiran ƙara, tsoho kuwa ba zai iya kai ta ba. Mu ne bakinsa.