Wa Ya Faɗa Maka?



Jiya bayan karatu wani ɗalibi ya tambaye ni: "Malam, shakka ba alamar raunin imani ba ce?" Na ce masa ya danganta da abin da kake shakka a kai, da kuma inda shakkar ta kai ka.

Ku tuna watan Agusta na 2014, bayan da Ebola ta shigo Legas. Cikin dare wayata ta yi ƙara, goggona ce: "Tashi ka yi wanka da ruwan gishiri kafin asuba, ka kuma sha." Na ce, "Goggo, wa ya faɗa miki?" Ta ce ai kowa na faɗa. To wannan "kowa" ɗin ya kwantar da mutane a asibiti, har wasu suka rasu. Kuma wallahi ƙauna ce ta sa ta kira ni.

Tambayar da na yi mata ita ce tambayar malaman hadisi. Ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa. Mutum yana iya zama mai tsayuwar dare, amma su ajiye ruwayarsa saboda haddarsa ba ta da ƙarfi. Ba su ɗauki wannan cin mutunci ba, amana suka ɗauke shi.

Amma akwai shakkar malalaci, wanda duk abin da aka faɗa sai ya ce "ƙarya ne" ya wuce. Shi da mai gaskata komai jirgi ɗaya ya kwaso su, don babu wanda ya tashi ya bincika a cikinsu. Imam Gazali ya ba da labarin yadda ya yi kusan wata biyu yana shakkar abin da ido ke gani da abin da hankali ke yankewa, amma bai tare a nan ba, neman yaƙini yake yi.

Inda abin ya fi wuya, ni ma ina kama kaina. Idan aka turo min mummunan labari a WhatsApp kan malaminmu, nan take zan ce a kawo hujja. Idan kan malamin wancan ɓangaren ne, sai in ji yatsana ya nufi wajen turawa tun ban gama karantawa ba. Ɗalibin ya yi dariya ya ce shi ma haka yake. Na ce ya buɗe wayarsa mu duba saƙon ƙarshe da ya tura, ko ya san asalinsa. Bai sani ba.