Itace a Cikin Tukunya: Reno ko Tauye Halitta?

Bonsai kalmar Japananci ce mai nufin shuka a cikin faranti, kuma fasaha ce da Japanawa suka gada daga Sinawa, inda ake haƙo itace, a datse saiwarsa, a rage rassansa, a tanƙwara sauran da waya, har ya tsufa a tukunya bai kai ƙugun mutum ba. Kameliya, wadda ake yi wa haka saboda kyan furenta, 'yar'uwa ce ga itacen shayin da ake nomawa a tsaunin Mambila, wanda shi ma da an ƙyale shi da ya zama bishiya, amma ana aske shi daidai hannun mai tsinka.

Tambayar da ke tasowa ita ce ko wannan aiki ya shiga cikin canza halittar Allah da Suratun Nisa'i ta danganta ga Shaiɗan. Idan sara kaɗai ne laifin, to manomin Gwiwa ko na Roni ma bai tsira ba, domin kukar da ke bakin gonarsa kan zama dungulmi saboda yawan ɗibar ganyen miya, haka kuma gawo, wanda ke fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, makiyaya kan sassare rassansa su ba dabbobi. A ƙasar Maraɗi kuwa, tun daga 1983, sassabe da lura, wato zaɓen tohon kututture biyu ko uku a cire sauran, shi ya mayar da itatuwa gonakin da suka zama fako. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito kan azabar mai sare magarya, shi da kansa ya fassara shi da magaryar daji da matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, a sare ta ba da haƙƙi ba. Ke nan abin zargi ɓarna ce, ba taɓa itace da wuƙa ba.

Sai dai akwai bambancin da bai kamata a tsallake ba. Kukar da aka sassare tana nan da saiwarta a ƙasa, tana neman ruwanta da kanta, alhali itacen tukunya an yanke masa wannan hanya, ta yadda 'yan kwanaki na sakaci a zafin Afrilu sun isa su kashe shi. A nan hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yake haskaka mas'alar, ko da yake ƙiyasin, wato auna sabon hukunci a kan tsoho, bai cika ba tunda itace ba dabba ba ne. Abin da ya tabbata shi ne mai datse saiwa ya ɗora wa kansa amanar da a da ba ta wuyansa, kuma amanar kan fi shi tsawon rai. Akwai itacen bonsai da aka fara reno a 1625, wanda iyalin Yamaki suka yi ta gadon ban ruwansa, ya tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, aka kyautar da shi ga Amurka a 1976, kuma har yau a birnin Washinton ake shayar da shi.