Awarwaron Betty

Kafin 1967, a Ingila, namijin da aka kama yana tarayya da namiji ɗan'uwansa kotu ce ke jiransa. Alan Turing, gwanin lissafin nan, a kan haka aka yanke masa hukunci a 1952. Irin waɗannan maza suna da zaurancensu, Polari, wanda suka tsinto daga bakin ƴan wasan kwaikwayo da ma'aikatan jiragen ruwa, da ɓurɓushin Italiyanci. A cikinsa ɗan sanda sunan mace gare shi: Lily Law, ko Betty Bracelets, wato Betty mai awarwaro. Awarwaron kuwa ankwa ake nufi.

Na daɗe ina tambayar kaina: jarumta ce wannan, ko tsoro ne ya sa kwalli? Sunan dai gargaɗi ne. A faɗe shi a mashaya, kowa ya kama kansa, baƙon da ke gefe bai gane komai ba. Amma gargaɗi ba ya buƙatar barkwanci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, su ma da sunayen mata suke kiran junansu. Ashe jawo ɗan sandan suka yi cikin dangi, ya koma wata gwaggo mafaɗaciya da ake yi wa dariya a bayan ido. Ina ganin da haka suke samun barci, don ba mai iya shekara talatin gabansa na faɗuwa kullum.

Sai dai ankwa ba ta san wasa ba. Wanda Betty ta kama, sunansa na yanka ke fitowa a jarida, sau da yawa aikinsa ma ya tafi.