Ɗan Adam da Ɓera a Shafi Guda?

Masu tsara kundin ilmi kan ci karo da wata tambaya wadda a ido ƙarama ce, amma tana da zurfi. Ga maƙala biyu a kan efijenetik, ɗaya ta shafi dukkan masu rai, ɗaya ɗan Adam kaɗai, kuma bayanansu suna maimaita juna. Shin a gwama su ne, ko kuwa a bar kowace a gidanta?

Efijenetik, sunan da Conrad Waddington na Ingila ya raɗa a 1942, fanni ne mai nazarin yadda ake kunna ƙwayoyin gado ko a kashe su ba tare da jerin DNA ya sauya ba. Wannan aiki bai keɓanta ga mutum ba. Abincin da aka ciyar da tsutsar ƙudan zuma shi ke sa ta zama sarauniya ko ma'aikaciya. A 2003, masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna cewa abincin uwar ɓera kan sauya launin gashin 'ya'yanta. Wanda ya raba maƙalar, ya ɓoye wa mai karatu wannan zumunci na halitta, ya kuma ciyar da girman kanmu.

Sai dai masu iya magana sun ce, kama da wane ba ta wane. An yi yunwa a ƙasar Holan a 1944 zuwa 1945, kuma binciken 2008 ya gano alamarta a ƙwayoyin gadon waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin. Amma a jikin mutum ana shafe galibin irin waɗannan alamomi tun farkon ciki, saɓanin tsirrai da kan gadar da su. Idan aka cakuɗa hujjojin, mai karatu zai ɗora wa mutum abin da aka gani ga ɓera, har a zargi uwa da ciwon jikanta.

A ganina, a gwama su, domin gaskiya ɗaya ba ta bukatar gida biyu. Amma a keɓe wa ɗan Adam babinsa a ciki, a fayyace abin da aka tabbatar a kansa da wanda ake kirdado. Ɓera ba ya karanta abin da aka rubuta game da shi. Uwa kuwa tana karantawa, tana kuma kwana da shi a zuci.