Hannun da aka yanke wa ƙauna

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ƙagi ɗan Adam, Ya shimfiɗa masa jijiyoyi tun daga ƙwaƙwalwa har kan ɗan yatsa, suna yi masa hidima dare da rana bai ko san sunayensu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya hori al'ummarsa da neman magani, ya kuma tsoratar da su game da zaluntar dabba, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani, ya kai mai karatu, Allah Ya datar da mu da kai, cewa shanyewar ɓarin jiki tsohuwar jarrabawa ce, ba ta kuma duba matsayin kowa. Ta sami Aban ɗan Halifa Usman bin Affan, malami kuma gwamnan Madina. Ta kwantar da Jahiz na Basra a ƙarshen rayuwarsa. Ibn Sina ya yi magana a kanta cikin littafinsa al-Ƙanun. Asalinta a yawancin lokaci ɗayan biyu ne: ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya malala, sai wurin da abin ya shafa ya mutu. Da yake Allah Ya gitta hanyoyin, rauni a hagun ƙwaƙwalwa damar jiki yake shanyewa. Wannan duk likitoci sun daɗe da saninsa. Inda aka yi shekaru ana tafiya a kan kuskure shi ne abin da ke biyo baya.

Babban masanin jijiyoyin nan na ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, ya tafi a kan cewa hanyoyin ƙwaƙwalwar baligi a kafe suke, abin da ya lalace ya lalace. Magana ce ta babban malami, sai aka riƙe ta kamar nassi. Aka riƙa gaya wa majinyaci cewa sauƙin da zai samu yana cikin wata 6 na farko, in ta yi tsawo shekara guda, bayan nan sai ya koyi rayuwa da hannu ɗaya. Mutumin da ya fi kowa girgiza wannan hukunci ba likita ba ne. Masanin halayyar halittu ne ɗan Amurka mai suna Edward Taub, wanda aka haifa a New York a 1931, kuma tarihinsa yana da haske yana da tabo.

Taub ya fara ne da sake duba wani tsohon gwaji. A 1895, Charles Sherrington da Frederick Mott a Ingila sun yanke wa biri jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga hannu ɗaya zuwa laka, suka bar jijiyoyin motsi lafiya lau. Birin ya daina amfani da hannun gaba ɗaya. Suka yanke cewa babu motsi da gangan sai da ji. Sherrington ya zo ya sami Nobel a 1932, babu kuma mai son ja da shi. Tun ƙarshen shekarun 1950 Taub da abokan aikinsa suka maimaita gwajin, amma suka ƙara abu guda: suka ɗaure lafiyayyen hannun. Da yunwa ta matsa, sai ga birin yana miƙa hannun da aka ce ya mutu yana ɗaukar abinci. In an kwance shi da wuri yakan koma halinsa, in kuwa ɗaurin ya ɗauki kwanaki a jere, amfani da hannun yakan zauna. Wani abin mamaki kuma, birin da aka yanke wa jijiyoyin ji na hannu biyu ya ci gaba da amfani da duka biyun, domin ba shi da wanda zai fake da shi.

A nan ya kamata mai hankali ya tsaya. Taub ya fassara lamarin kamar haka. Bayan rauni akwai wani lokaci da jijiyoyi ke cikin ruɗu, hannu ba ya iya komai da gaske. A lokacin dabba takan gwada, ta faɗi, abinci ya kuɓuce mata. Ta juya ga ɗaya hannun, buƙata ta biya. Kullum gwadawa na jawo wahala, bari na jawo sauƙi, har ta daina gwadawa. Makonni su wuce, ruɗun ya lafa, ƙarfi ya fara dawowa cikin hannun, amma mai hannun ya riga ya fid da rai, ba ya ko waiwayarsa. Don tabbatar da haka, sai ya ɗaure raunannen hannun da kansa tun daga ranar tiyata har wata 3, yadda birin ba zai taɓa gwadawa ya kasa ba. Da aka kwance, ya yi amfani da shi. Ke nan a cikin abin da ido ke gani shanyewa ce, wani kaso rauni ne na haƙiƙa, wani kaso kuwa koyo ne. Mu da aka karantar da mu cewa yanke ƙauna daga rahamar Allah babban laifi ne, ba mu taɓa zaton cewa gaɓa ma tana iya koyonsa ba, balle a ce ana iya auna shi a ɗakin bincike.

Sai dai wannan ilimi da jikin birai aka saye shi. A 1981 Taub yana aiki a wata cibiyar bincike a Silver Spring ta jihar Maryland. Wani matashi mai suna Alex Pacheco, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA, ya shiga wurin a matsayin ɗan sa-kai, ya ɗauki hotunan halin da birai 17 ke ciki: keji masu ƙazanta, raunuka a buɗe, wasu sun tattaune yatsunsu saboda ba sa jin su. A watan Satumba 'yan sanda suka kwashe biran. Kotun farko ta same shi da laifuka 6 na rashin samar musu kulawar likitan dabbobi, shari'a ta biyu ta mayar da su guda, a 1983 kuma babbar kotun jihar ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa dokar jihar ba ta hau kan binciken da gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyinsa ba. Shi Taub ya dage cewa makirci aka shirya masa lokacin da yake hutu. Hukumar lafiya ta ƙasa ta dakatar da kuɗin bincikensa, ya yi shekaru babu mai son ɗaukarsa aiki. Rigimar tana cikin abubuwan da suka sa majalisar Amurka ta tsaurara dokar kula da dabbobin gwaji a 1985.

Masu ba da wannan labari sukan kasu biyu, wasu su mai da shi waliyyin da aka zalunta, wasu su mai da shi azzalumin da ya sha. Ni ban ga dalilin bin ɗayansu ba. Kotun da ta sake shi ba ta ce biran sun samu kulawa ba, cewa ta yi dokar ba ta kama shi ba, kuma tsakanin maganganun biyu akwai tazara. A wurinmu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare sananne ne, haka ma na wanda aka gafarta wa saboda shayar da kare. Malaman fiƙihu na wannan zamani da suka halatta gwaji a kan dabba sun ɗaure shi da sharuɗɗa: buƙata ta gaskiya, taƙaita azaba iyakar iko, ci da sha da tsabta. Amfanin da ya fito daga baya, komai girmansa, ba ya goge haƙƙin da aka tauye a lokacin. Haka kuma tauye haƙƙin ba ya mai da gaskiyar da aka gano ƙarya. Wanda ya ƙi magani don ya ƙi mai maganin, kansa ya cuta.

Biran nan sun ba da shaida ta ƙarshe. Bayan doguwar shari'a a kan wanda zai riƙe su, aka yarda a binciki ƙwaƙwalwar wasunsu cikin barcin allura kafin a kashe su. Timothy Pons da abokansa suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 1991. Yankin ƙwaƙwalwa da ke karɓar saƙon hannu, wanda ya yi fiye da shekara 10 babu saƙon da ke isa gare shi, bai zauna kango ba. In aka taɓa fuskar birin, sai ya amsa. Kamar gona ce da mai ita ya daina zuwa, maƙwabci ya yi ta cin iyaka har ya shuke ta duka. Kafin nan ana ganin irin wannan sauyi ba ya wuce milimita 1 ko 2, sai ga shi ya kai 10 zuwa 14. Tsarki ya tabbata ga Wanda bai bar ko taƙi ɗaya na halittarsa a banza ba.

A lokacin Taub ya riga ya samu matsuguni a Jami'ar Alabama da ke Birmingham, tun 1986, ya kuma juya ga mutane. Tsarin da ya fito da shi mai tsauri ne. Ana sa lafiyayyen hannu cikin wata safa mai kauri ko a rataye shi, kashi 90 cikin 100 na lokacin da mutum yake farke, har kwana 14. A ranakun aiki 10 na ciki, majinyaci yakan yi awa 6 kullum yana sarrafa shanyayyen hannun: ya ɗauki cokali, ya juya kati, ya tura ɗan katako, ana farawa da abin da zai iya, ana ƙara wuya kaɗan-kaɗan, ana yaba masa a kan kowane ɗan ci gaba. Rahoton farko na 1993 a kan mutum 9 kacal ne, dukkansu sun wuce lokacin da ake cewa sauƙi ya ƙare. Hujja mai ƙarfi ta zo a 2006, da gwajin EXCITE wanda Steven Wolf na Jami'ar Emory ya jagoranta a kan mutum 222 da suka yi wata 3 zuwa 9 da kamuwa. Waɗanda aka yi wa wannan horo sun fi sauran saurin aiki da yawan amfani da hannun, kuma ribar tana nan bayan shekara. Masu bincike a Jamus da suka auna ƙwaƙwalwar majinyata kafin horo da bayansa sun ga yankin da ke juya hannun ya faɗaɗa.

Kada kuwa a ɗauka wannan maganin kowa ne. Sai wanda ya rage da ɗan motsi, kamar ya iya ɗaga wuyan hannu misalin digiri 20 da yatsu digiri 10, shi ne aka fi tabbatar da amfaninsa a kansa. Gaggawa ma tana da illa: wani gwaji na 2009 ya nuna cewa tsananta horon a kwanakin farko ya fi sassauta shi ƙarancin amfani, kuma gwajin AVERT da Julie Bernhardt ta jagoranta daga Ostareliya, a kan mutum 2,104, ya nuna a 2015 cewa yawan tayar da majinyaci cikin awa 24 na farko yana rage yiwuwar kyakkyawan sakamako. Don haka ba aikin ɗan'uwa ba ne ya samo igiya ya ɗaure hannun tsohonsa. Aikin likitan gashin ƙashi ne, shi zai duba wa ya dace da kuma yaushe.

Abin da ya sa na ga wannan tarihi ya shafe mu shi ne yadda muke jinya. Hawan jini ya yi yawa a cikinmu, kuma babban binciken SIREN da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya tabbatar da cewa shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Da yawa sukan ce iska ce ta buge shi, a yi ta hayaƙi ana barin maganin hawan jinin. Ruƙiyya da addu'a suna da matsayinsu, amma ba su taɓa hana zuwa asibiti ba. Bayan an dawo gida kuma sai jinƙai ya zo da tasa matsalar. Uwargida ta ba shi abinci a baki, ɗa ya riƙe masa buta, 'ya ta ɓalle masa maɓallin riga, jika ya sa masa hula. In ya yunƙura zai kai hannu sai a ce, "Baba, bari, kada ka wahalar da kanka." Ladan biyayya ake nema, kuma in sha Allahu an samu, amma kowace loma da aka ɗauke masa darasi ce ga hannun cewa ba a buƙatarsa. Taub da kansa ya gane daga baya cewa safar ba ita ce ginshiƙi ba. Abin da ya fi tasiri shi ne yarjejeniya da majinyaci da iyalinsa a kan ayyukan da zai riƙa yi da hannun a gida, a rubuta su, a riƙa bibiya kullum. A gidajenmu jerin a shirye yake: jan carbi, shafar kai a alwala, ɗaure mazagi, miƙa hannu a gaisa ko da yana rawa.

Awa 6 a gaban likitan gashi kullum abu ne da ko a Amurka ya yi wa mutane tsada, balle a inda likita ɗaya ke da layin majinyata har bakin ƙofa. Shi ya sa aka yi ta neman sassauci, har Taub ya rage zuwa awa 3. A Jami'ar Bayero ta Kano, Auwal Abdullahi na sashen gashin ƙashi ya bi ta wata hanya: maimakon a ƙirga awoyi, a ƙirga sau nawa majinyaci ya maimaita motsin, ɗaruruwa a yini. Lissafin awa yana haɗawa da hutu da hira, lissafin maimaici kuwa aikin kansa yake aunawa, kuma mutumin da ya saba ƙirga tasbihi bayan kowace salla ba sai an koya masa yadda ake riƙe adadi ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da basira. Shi ne Mafi sani.