Kilo goma sha biyar ɗin nan na wane ne?

'Yan uwa, makon jiya bayan sallar isha'i hira ta yi tsawo a ƙofar masallaci. Ɗan wani maƙwabcinmu da ke koyon tuƙin jirgin sama a kwalejin Zariya ya zo hutu, dattawa suka tsare shi da tambayoyi. A cikin amsoshinsa akwai wani lissafi da ya tsaya mana a rai, muka ga ya dace mu kawo shi nan, ko da yake babu mai jirgi a cikinmu.

Ya ce a ɗauki ƙaramin jirgin nan mai kujera huɗu, Cessna 172. Duk abin da za a ɗora masa, har da man da zai sha, kimanin kilo 400 ne. In an cika tanki, wajen lita 200, an cinye kusan kilo 145. In mutum uku suka shiga, kowanne kilo 80, an ƙara 240. Saura goma sha biyar. Jirgi kuma ba motar da ke lodi a kasuwar Muda Lawal ba ce, da za a ɗaure buhu a kan rufi a ce direba ya lallaɓa. In ya yi nauyi sai ya ci doguwar hanya kafin ya ɗaga, balle a zafin Afrilu na Bauchi da iska ke yin sakayau. To, a wannan ɗan ragowar ne jakar mai jirgi da tsarabarsa ke rigima da ruwan sha, kayan ɗaurin rauni da na'urar kiran agaji.

Wani dattijonmu mai fataucin albasa ya ce, “Ɗana, ruwa lita goma kilo goma ne. Sai ka shekara ashirin kana yawo da shi ba ka taɓa buɗewa ba. A wurinmu sunan wannan asara.” Aka yi dariya. Mu dai ba mu ga abin dariya ba, don a lissafin kasuwa Alhaji bai yi kuskure ba. Kayan ceton rai su ne kaɗai kayan da mutum ke saya da kuɗinsa yana fatan su lalace a ajiye.

Inda muka rabu da Alhaji shi ne a kan mai kilon. Shi yana ganin wurin na mai jirgi ne, ya sa abin da ya ga dama. Mu kuma muna ganin daga lokacin da ka ce wa wani “shigo mu tafi”, wani kaso na wurin ya tashi daga hannunka. Fasinja ba ya leƙa bayan kujera ya ƙirga gorunan ruwa. Bai san ko batirin na'urar agaji ya mutu tun bara ba, kuma ko ya sani kunya ba za ta bar shi ya tambayi wanda ya rage masa hanya ba. Ya miƙa wuya ne kawai. Mutum na iya cewa shi zai jure ƙishirwa, wannan tsakaninsa da maƙogwaronsa. Amma ba shi da ikon yanke wa matar wani ko ɗan wani wannan hukunci a ɓoye.

In an yarda da haka, zaɓen kayan ma sai ya sake kama. Abu na farko shi ne a gan ka. A watan Maris na 2008 wani jirgi ƙirar Beechcraft 1900 ya tashi daga Legas zuwa Obudu a jihar Kuros Riba da mutum uku, ya ɓace. An yi ta nema ta sama da ta ƙasa. Sai a ƙarshen Agusta mafarauta suka ci karo da tarkacensa a cikin duwatsu, babu wanda ya tsira. Fiye da wata biyar ke nan jirgi sukutum yana kwance a cikin ƙasar nan ba a gan shi ba. Kada mu ce wannan sai kurmin kudu. Dajin Yankari kaɗai ya haura murabba'in kilomita 2,200, ga dajin Lame-Burra ta wajen Toro da Ningi, kuma duk mai bin hanyoyin nan ya san wuraren da waya ke zama hoto. Shi ya sa yaron ya fara da na'urar da ke aika kira ta tauraron ɗan'adam a kan zango 406, wadda hukumar NEMA ke da cibiyar karɓar saƙonta a Abuja. Bayanta madubin haska rana, usur, tocila, ashana. In aka cire na'urar, sauran duka ba su kai nauyin mudun gero ba.

Abu na biyu ya fi ba mu tunani. Namiji in ya zauna zaɓen irin waɗannan kaya, kansa yake hangowa a tsaye lafiya lau, yana sara itace yana ba da umarni. Sai ya sayi babbar wuƙa da gatari. Alhali shi ne a kujerar gaba, inda ake fara buguwa. A ranar 1 ga Mayu 2023 wani jirgi Cessna 206 ya faɗi a kurmin ƙasar Kolombiya. Manya uku da ke ciki, har da matuƙin da uwar yaran, duk suka rasu. Yara huɗu suka rage, babbar tana da shekara 13, autar wata goma sha ɗaya. Kwana arba'in suka yi kafin a same su da rai ranar 9 ga Yuni. Abin da ya fara riƙe su garin rogo ne da suka kwasa daga cikin jirgin, ɗan uwan garin kwakin da muke rainawa, sannan 'ya'yan itatuwan da babbar ta sani tun a gida.

Kun ga wanda ya buɗe jakar ba shi ne ya shirya ta ba. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa kowane abu ita ce: yarinya 'yar shekara 13 za ta iya amfani da shi, da hannu ɗaya, cikin duhu? Abincin da sai an dafa ya faɗi jarrabawa, dabino da ƙuli-ƙuli sun ci. Ruwa a ƙananan goruna ya fi jarka guda, don in ɗaya ta fashe saura na nan, kuma yaro na iya ɗauka. Na'urar da mai ita kaɗai ya san maɓallinta ba ta da maraba da dutse. Yaron ya ƙara da cewa abin da ya fi muhimmanci a aljihu ake sa shi, don in wuta ta tashi babu mai komawa ɗauko jaka. Kuma kafin a tashi a gaya wa kowa inda kayan suke, ko da za a ce kana yi wa tafiya mugun baki.

Wannan mugun bakin shi ne ainihin abin da ke hana mu. Alhaji ya faɗe shi a fili: “In kwana ya ƙare, jarka ba ta hanawa.” Haka ne, Baba, babu mai musu. Sai dai babu wanda aka nuna wa kwanan fasinjansa. Abin da aka nuna mana shi ne mutum ba ya wuce 'yan kwanaki babu ruwa, a zafin rani ma abin ya fi gaggawa. Da yawa a cikinmu ba su manta Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. 52 yara ne, 33 mata, akasari daga yankin Kance a jihar Damagaram. Ba haɗari ne ya kashe su ba. Ƙishirwa ce, kuma ba su ne suka tsara lodin ba.

Amma fa kada a ɗauka muna cewa a kwashi komai. Mai tsoron da ya cika jirgi da kaya har ya kasa ɗagawa ya jawo abin da yake gudu. Dole a bar wani abu, hanya da lokaci ne ke faɗin wanne. Mai ƙetara Filato da hunturu bargo yake bukata, mai nufar Nguru da bazara ya mayar da nauyin bargon ruwa, da damina kuma leda da gidan sauro. Wani lokacin lissafin ba ya fita sam sai an rage mutum. Nan ne wuya take, don ce wa aboki “babu wuri” alhali yana kallon kujera a sarari ya fi sayen kowace na'ura nauyi a baki. Mu da aka raina da cewa baƙo ba ya rasa wuri mun san yadda hakan ke ɗaci, kuma a nan ba mu goyi bayan kunya ba.

Da za a watse Alhaji ya kira direbansa, wanda zai ɗauki kaya da mutum shida zuwa Maraɗi ranar Litinin, ya tambaye shi ko akwai ruwa a motar. Direba ya ce akwai jarka ɗaya, ta lagireto ce.